Abin Lura Kafin Sayen Tabulet Mai Araha

Gabatarwa

'Yan'uwana ɗalibai, abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan batu shi ne wata asara da na tafka lokacin da nake aji biyu. Kamar yadda da yawa daga cikinku suka sani, ni ba Bahaushiya ba ce, a makaranta na koyi Hausa. Saboda haka karatun da ɗan asalin harshen zai yi sau ɗaya, ni sai na maimaita shi sau uku. Yawancin littattafan da malamanmu suke umartar mu da karantawa kuwa ba a samun su a shagunan littattafai na wannan gari. Ko dai kwafi ɗaya ne tak a ɗakin karatu, ko kuma wani ya ɗauki hoton shafukan ya turo mana a zauren WhatsApp na aji. A waya nake karanta su, ina ja da yatsu ina matsewa, har idanuna suka fara ruwa. Kuɗin fotokofi kuma ya fi ƙarfina. Daga nan na ƙudura niyyar tara kuɗi in sayi tabulet.

Wata biyar na yi ina tari, har da kuɗin ɗinkin da yayata ta aiko mini. Na shiga wani shago a cikin gari, aka nuna mini wata tabulet a cikin kwali mai ƙyalli. An rubuta a jikinsa cewa RAM ɗinta 12GB ne, ma'ajiyarta 512GB, ga alƙalami da linzami da allon rubutu duk kyauta, kuma farashinta bai kai rabin na sanannun kamfanoni ba. Ban yi wata-wata ba na biya. Kafin mako uku ta fara cijewa, wasu littattafan da na zuba mata suka ƙi buɗewa. Na kai ta wurin wani mai gyaran waya a unguwar Hausawa, inda nakan je don gyara bakina. Ya dudduba, ya girgiza kai ya ce, "Ƙanwata, ai kwali kika saya. RAM ɗinta biyu ne kacal, ma'ajiyarta kuma ba ta wuce 16 ba. An shirya ta ne ta riƙa faɗin ƙarya." Na koma shagon, aka tambaye ni rasit, ni kuwa ban karɓa ba. Saura kwana goma a fara jarrabawa.

Hausawa sun ce araha ba ta ado. Gaskiya ne, amma ɗalibi ba shi da wata mafita sai araha. Manufar wannan maƙala ita ce in nuna cewa a cikin masu arahar ma akwai na kirki, kuma hanyar gane su ita ce mutum ya fara sanin aikin da zai yi da na'urar kafin ya dubi suna ko kwali.

Mece ce Tabulet?

Tabulet wata kwamfutar hannu ce da ta fi waya faɗi, ba ta kai kwamfutar cinya ba, kuma da yatsa ake sarrafa ta. Ta yi fice ne daga shekarar 2010 lokacin da kamfanin Apple ya fitar da iPad. Waɗanda ake samu a kasuwanninmu sun kasu gida uku. Akwai masu amfani da Android, irin su Samsung da Lenovo da Redmi da itel da Infinix da Tecno. Akwai iPad na Apple. Sai kuma Fire na kamfanin Amazon, wanda ya fara fitowa a 2011. Ban da waɗannan akwai Kindle, wanda ya riga su fitowa tun 2007, amma shi na karatu ne zalla, kuma zan yi bayaninsa a gaba.

Tambaya ta Farko

Kafin ka je kasuwa, zauna ka tambayi kanka: wane irin karatu na fi yi? Amsar tana da muhimmanci domin littattafan na'ura iri biyu ne. Na farko shi ne irin su EPUB da rubutun Word da ƙagaggun labaran da marubuta suke sakawa a intanet. Waɗannan rubutunsu yana bin girman allo. Idan ka ƙara girman harafi, sai layukan su sake jeruwa da kansu. Ƙaramar tabulet ta ishe su. Na biyu shi ne PDF, musamman wanda aka yi wa sikanin daga littafin takarda. Shi wannan hoton shafi ne, ba ya sauya tsari. Idan allon ƙarami ne, shafin gaba ɗaya ne zai ƙanƙance.

Mu ɗaliban Hausa, kaso mafi yawa na karatunmu iri na biyu ne: takardun lacca, tsofaffin kundayen digiri, maƙalu, da ƙamusoshi irin na Bargery na 1934, wanda ya haura shafi 1,200 kuma an jera rubutunsa ƙanana a layi biyu a kowane shafi. Don haka allo shi ne abu na farko da ya kamata mu duba.

Girman Allo da Kaifinsa

Ana auna allo da inci, daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantar ta. Wannan awo yakan ruɗi mutane, don haka bari mu mayar da shi zuwa abin da muka sani. Faɗin takardar A4 da ake buga mana handawut a kanta santimita 21 ne. Faɗin allon waya mai inci 6.5 bai kai santimita 7 ba, wato kashi ɗaya cikin uku na takardar. Tabulet mai inci 8.7 idan aka tsayar da ita, faɗinta ya ɗan haura santimita 11, kusan rabin takardar ke nan. Mai inci 11 kuwa faɗinta kusan santimita 15 ne, daidai da takardar A4 da aka ninka biyu, wato girman yawancin littattafan adabi da muke riƙewa a hannu. A kan wannan ne kawai na iya karanta cikakken shafi ba tare da ja da yatsu ba.

Bayan girma sai kaifi. Hoton da ke kan allo an gina shi ne da ƙananan ɗigogi da ake kira fiksel. Idan ka ga an rubuta 1280 x 800 ko 1920 x 1200, adadin ɗigogin ake nufi a tsaye da kwance. Allo mai inci 10.1 da ke da 1280 x 800 yana da ɗigo kusan 149 a kowane inci. Mai inci 8.7 da ke da 1340 x 800 yana da kusan 179. Mai inci 11 da ke da 1920 x 1200 yana da kusan 206. Gwargwadon yawan ɗigo, gwargwadon fitowar harafi tangaran.

Wani zai ce wannan ai ƙaramin bambanci ne. A wurin mai koyon Hausa ba ƙarami ba ne. Abin da ya raba "kafa" da "ƙafa", ko "baki" da "baƙi", ko "bari" da "ɓari", ɗan ƙugiya ne a saman harafi. Bahaushe zai gane kalmar daga ma'anar jimla ko da ƙugiyar ta dushe. Ni kuwa sai na gan ta da idona. Haka nan alamomin karin sauti da na tsawon wasali da muke karantawa a darasin tsarin sauti, a allo maras kaifi duk sai su zama kamar ƙura. Shawarata ita ce, idan allo ya kai inci 10, kada ka yarda da ƙasa da 1920 x 1200 matuƙar aljihunka zai iya.

RAM da Ma'ajiya

Mutane da yawa suna rikita waɗannan biyun. Ka ɗauki RAM a matsayin teburin da kake karatu a kai, ma'ajiya kuma ita ce akwatin da kake adana littattafai. Idan teburin ƙarami ne, duk lokacin da za ka buɗe ƙamus sai ka rufe littafin da ke gabanka. Haka na'ura take yi: mai RAM 2GB, da ka fita daga littafi ka duba kalma, kafin ka dawo ta rufe shi, sai ka sake neman shafin da kake. A ganina 4GB shi ne mafi ƙarancin abin da ɗalibi zai saya. A lura kuma da wata dabarar talla, inda za a rubuta 4GB+4GB ko ma a haɗe su a ce 8GB. Na biyun aro ne da na'urar take yi daga ma'ajiya, kuma bai kai na gaske sauri ba. Lambar farko ita ce abin dogaro.

Game da ma'ajiya, 64GB za ta wadatar da mai karatu, amma ka sani manhajar da ke tafiyar da na'urar ta riga ta cinye wani kaso tun kafin ka buɗe kwali. Littattafai ba su da nauyi sosai. Finafinai ne masu cin wuri. Saboda haka ka tabbata akwai ramin katin memori. Yawancin masu Android da Fire suna da shi, iPad kuwa ba shi da shi ko kaɗan.

Batir da Caji

Kowa ya san halin da muke ciki game da wuta a ɗakunan kwanan ɗalibai. Ana auna ƙarfin batir da mAh. Ƙananan tabulet sukan zo da kimanin 5,000, manya kuma daga 7,000 zuwa 8,000. Kada babbar lamba ta ruɗe ka, domin babban allo ya fi shan wuta, sai ka ga duka biyun sun kai kusan lokaci ɗaya. Abin da ya fi cinye batir shi ne hasken allo, don haka rage shi yana taimakon batir da ido gaba ɗaya. Masu araha ba su da saurin caji. Babba takan ɗauki awa uku ko fiye kafin ta cika. Ka zaɓi mai ramin caji irin na USB-C don caja ɗaya ta yi maka aikin waya da tabulet, kuma ka tambaya ko akwai kan caja a cikin kwalin, domin wasu kamfanoni igiya kawai suke sakawa.

Manhaja da Rubutun Hausa

A nan ne tabulet ɗin Fire take da abin lura. Tana da araha da ƙarko, amma ba ta zuwa da Play Store na Google, sai shagon manhajoji na Amazon. Wannan yana nufin ba za ka sami Gmail da Google Drive da Google Classroom kai tsaye ba. Akwai masu sanya su ta bayan fage, sai dai hanya ce da kamfanin bai amince da ita ba. Bugu da ƙari, waɗanda suka fi araha a cikinsu suna nuna talla a kan allo duk lokacin da aka kulle su.

Ga mai rubuta aikin gida da Hausa, allon rubutu na Gboard yana da tsarin Hausa wanda ke ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ, kuma kyauta ake sauke shi. Na sha ganin an rage wa ɗalibai maki saboda rashin ƙugiya, alhali gyaran bai wuce minti biyu ba. Haka kuma ka tambayi shekarar da aka fitar da na'urar. Kamfanoni suna daina aiko da sabuntawa bayan wasu shekaru, kuma idan Android ɗin ya tsufa sosai, wasu manhajoji sukan daina aiki a kansa.

Kallo da Saurare

Ba karatu kaɗai ɗalibi yake yi ba. A wurina ma kallo wani darasi ne, domin daga shirye-shirye irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in na tashar Arewa24, da Labarina da ake sakawa a YouTube, na koyi yadda ake gaisuwa da zolaya da faɗa, abubuwan da babu su a littafin nahawu. Mai son kallo ya duba abu uku. Na farko lasifika: mai biyu ko huɗu ta fi mai ɗaya fitar da magana sarai. Na biyu ramin iyafis, don kada ka hana abokan ɗaki barci. Na uku wani lasisi ne da ake kira Widevine. Na'urar da ke da matakin L1 tana nuna finafinan Netflix da makamantansu da cikakken kaifi, wadda ke da L3 kuwa ba za ta nuna ba komai kyan allonta. Manhajar DRM Info tana nuna matakin da na'ura take.

Sai batun data. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗi har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Kallon awa ɗaya da cikakken kaifi a Netflix yana iya cin har 3GB, matsakaici kuwa kimanin 1GB. Dabara ita ce a sauke abin kallo a inda ake da Wi-Fi, a kalla daga baya. Wannan ne ma ya sa ban ga dalilin ƙara kuɗi don sayen mai ɗaukar layi ba, tunda waya tana iya raba mata intanet. Amma wanda ba shi da babbar waya, mai layin za ta yi masa aiki biyu.

Wasu Misalai

Duk shekara sababbi suna fitowa, farashi kuma bai tsaya wuri ɗaya ba tun da darajar naira ta faɗi a 2023, shi ya sa ba zan ambaci kuɗi ba. Zan dai kawo wasu sanannu don su zama ma'auni.

Samsung Galaxy Tab A9 ta 2023 tana da inci 8.7 da ɗigo 1340 x 800 da batir 5,100. Ba ta da nauyi, tana shiga jakar hannu, ta dace da mai karanta labarai a kwance. Babbar yayarta, Tab A9+, tana da inci 11 da 1920 x 1200 da batir 7,040 da lasifika huɗu. Redmi Pad SE mai inci 11 ta 2023 tana da irin wannan allo da batir 8,000, amma ba ta ɗaukar layi. Lenovo Tab M11 ta 2024 ita ma inci 11 ce, kuma tana karɓar alƙalami, abin da zai amfani mai son ja wa rubutu layi ko zana bishiyar li'irabi. Fire HD 10 ta 2023 tana da inci 10.1 da 1920 x 1200 da RAM 3GB, tare da matsalar manhajar da na ambata. Su kuwa itel da Infinix da Tecno, babbar fa'idarsu ita ce cibiyoyin gyara na Carlcare da ke manyan garuruwan ƙasar nan, sai dai a duba kaifin allon kowace kafin a saya.

Kindle fa? Allonsa kamar takarda yake, ba ya ƙyalli a rana, cajinsa kuma yana yin makonni. Amma na masu arahar inci 6 ne ko 7, ba a kallon fim da shi, kuma PDF mai sikanin yana wahalar karantuwa a kansa. Ga mai son ƙagaggun labarai zalla ya yi. Ga ɗalibin da kuɗinsa na na'ura ɗaya ne, tabulet ta fi.

Ta Hannu

Wasu sukan gwammace tsohon iPad na tokumbo, misali ƙarni na tara da ya fito a 2021, mai inci 10.2 da ɗigo 2160 x 1620. Siffar allonsa ta fi kusa da ta takarda, don haka yana da daɗin karanta PDF. Haɗarinsa biyu ne. Batir ya riga ya sha aiki, sannan idan mai shi na farko bai cire asusunsa na iCloud ba, ranar da aka goge na'urar za ta kulle, ba mai buɗe ta sai shi. Masu Android ma suna da irin wannan kulle na asusun Google. Saboda haka ka sa mai sayarwa ya goge ta a gabanka, ka shigar da naka asusun kafin ka miƙa kuɗi.

Gwaji a Shago

Gani ya kori ji. Ga matakan da nake bi yanzu idan na raka wani saye:

1. Nemi sunan kamfani da lambar samfurin a shafin kamfanin. Idan babu su, ka ajiye ta.
2. Idan lambobin da ke kwali sun yi yawa, farashi kuma ya yi ƙasa ƙwarai, ga tarin kyaututtuka, to akwai lauje cikin naɗi.
3. Buɗe Play Store, ka shiga saituna, ka duba ko an rubuta cewa Google ya tantance na'urar.
4. Tafi da littafin PDF mafi nauyi da kake da shi. Buɗe shi, ka yi ta juya shafuka da sauri, ka duba ko ƙugiyoyi suna fitowa.
5. Kunna bidiyo, ka gwada lasifika da iyafis da caji.
6. Karɓi rasit mai ɗauke da lambar na'urar da sharuɗɗan garanti a rubuce.
7. Ware ɗan kuɗin riga da gilashin kariya, domin canza allon da ya fashe yakan ci kaso mai tsoka na kuɗin sabuwa.

Kammalawa

A taƙaice, wanda karatunsa PDF ne ya nemi inci 10 zuwa 11, da ɗigo 1920 x 1200, da RAM na gaske 4GB, da ma'ajiya 64GB mai ramin kati. Wanda labarai da kallo suka fi yawa a wurinsa, mai inci 8 zuwa 9 ta ishe shi, ya adana ragowar kuɗin. Idan kuɗinka bai kai ba, gara ka ƙara haƙuri wata biyu da ka sayi abin da zai mutu kafin ƙarshen zango.

Ni dai waccan jarrabawar da wayata da littafin wata ƙawata na rubuta ta, kuma na ga sakamakon haka a makina. Sai da na shiga aji uku na sake tara kuɗi na sayi mai inci 11 wadda ba ta ɗaukar layi. Ban sanya mata WhatsApp ko TikTok ba, domin na san halina. Idan na yi minti 20 ina karatu, nakan ɗaga kai in dubi wani abu mai nisa na ɗan lokaci don ido ya huta. Da ita nake rubuta kundina na kammala digiri a yanzu. Duk wanda yake shirin saye a cikinku, musamman ƙannenmu 'yan aji ɗaya, ya same ni a sashe bayan lacca ya gwada tawa da littafinsa kafin ya je kasuwa.